Lafiya Uwar Jiki: Motsa Jiki Ga Masu Karɓar Sinadarin Jinsi

Wasiƙun wannan makon sun fito daga mutanen da ke karɓar sinadarin maza, wato testosteron, ko na mata, wato estirojin, suna neman sanin yadda za su motsa jiki ba tare da sun yi wa kansu illa ba. Galibinsu mata-maza ne da likitoci suka tantance jinsinsu suka ɗora su a kan magani, akwai kuma masu sauya jinsi. Maganin da ɓangarorin biyu ke karɓa iri ɗaya ne, aikinsa a jiki ma ɗaya ne, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Mun ɓoye sunaye. Hukuncin addini a kan lamarin na malamai ne, mu abin da ya shafi lafiyar jiki muke amsawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Shekarata 22. An haife ni mata-maza, aka raine ni a matsayin mace, bara likitoci suka tabbatar da cewa namiji ne ni. Yau wata huɗu ke nan ana yi mini allurar testosteron. Na shiga ɗaga ƙarfe da samarin unguwarmu, irin na siminti da ake zubawa a gwangwani biyu. Ƙarfi na ƙaruwa, amma gwiwar hannuna da kafaɗata suna ciwo, wani lokaci kuma kaina yakan sara bayan atisaye. In ci gaba ko in dakata?
Wani matashi, Pantami, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka daina, amma ka rage nauyin, kuma ka je a auna jininka a cikin makon nan.

Abin da ke faruwa shi ne, sassan jikinka ba tare suke canzawa ba. Jini ne kan gaba, domin tun a watannin farko testosteron yake sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Tsoka ce ke biye: girmanta yakan fara bayyana tsakanin wata 6 zuwa 12, kuma ba ya kai ƙarshe sai bayan shekara 2 zuwa 5. Agara, wato jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, ita ce a baya, saboda jinin da ke kai mata kaɗan ne, ba ta yin ƙwari da wuri. Kamar mutum ne ya sake babban guga ya bar tsohuwar igiya. Ciwon gwiwar hannunka daga igiyar yake.

Ƙarfen siminti yana da matsala biyu: ba ka san kilo nawa ne ba, kuma ba ya ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Jarka ta fi shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 5 ko 10 za ta ba ka nauyin da ka sani, ka riƙa ƙara rabin lita idan lokaci ya yi. Zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 12 a hankali, ka ji da sauran ƙarfin ɗagawa biyu a jikinka. Yi zagaye 2 zuwa 3, ka huta minti ɗaya da rabi tsakani. Motsi huɗu sun ishe ka: tsugunnawa da miƙewa riƙe da jarka a ƙirji, kifa ciki ka ɗaga jiki da hannuwa, sunkuyawa ka jawo jarka zuwa ƙugu, da tafiya taku talatin riƙe da jarka a kowane hannu. Kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Kada ƙarin nauyi ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako biyu, ko da ka ji za ka iya ninkawa. Wannan jin ƙarfin shi ne yake kai mutane ga rauni. Duk motsin da ya tayar da ciwon gwiwar hannu, ka ajiye shi mako biyu. Gajiyar tsoka takan wuce cikin kwana biyu ko uku. Ciwon da ya tsaya a kan gaɓa, ake iya nuna shi da ɗan yatsa ɗaya, na agara ne, a kai shi sashen gashin ƙashi.

Ciwon kan ya fi damun mu. Ka nemi gwajin PCV, wanda ke nuna kaurin jini, a kuma auna hawan jini. A jikin namiji baligi PCV yakan tsaya wajen 40 zuwa 50. Idan ya wuce 50 likita zai fara sa ido, idan ya haura 54 akan dakatar da allurar ko a rage ta, saboda jini mai kauri yana saurin daskarewa a jijiya. A shekarar farko duk wata uku ake wannan gwaji. Zafin Gombe na Maris da Afrilu yana ƙara abin, domin gumi ruwa yake kwashewa ya bar jinin da kauri. Sha leda ɗaya ta fiya wata, wato rabin lita, awa biyu kafin ka fara, sannan ka riƙa kurɓa duk minti 15 zuwa 20. Yi atisayen bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Idan ciwon kai ya zo da dishi-dishin gani, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, a wuce asibiti nan take.

Kada ka matso da ranar allura da kanka, kada kuma ka karɓi wata allurar gina jiki a wurin atisaye. Abin da tsoka ke nema abinci ne: furotin kimanin giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na nauyinka. Mai kilo 60 zai nemi giram 70 zuwa 95 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen giram 13, a cike sauran da awara, kifi, gyaɗa da kindirmo.

TAMBAYA: Likita, ban samu kuɗin aikin cire nono ba tukuna. Nakan ɗaure ƙirjina da bandeji kafin in fita ƙwallo. Numfashina yana yankewa da wuri, ga ƙuraje a ƙarƙashin wurin.
Ba suna, Azare

AMSA: Ka kwance wannan bandejin tun yau. An yi shi ne don ya matse kumburin targaɗe, kuma duk fitar da numfashin da ka yi sai ya ƙara kamawa. Mai gudu yana bukatar haƙarƙarinsa su buɗe sosai. Idan aka hana su, numfashi yakan tsaya a sama-sama, sai jiri, sai ciwon baya, har tsagewar haƙarƙari. Salatif da leda sun fi shi muni.

A filin ƙwallo ka sa rigar mama irin ta 'yan wasa, mai faɗin madauri, daidai da girmanka, ka ɗora riga mai ɗan kauri mai duhun launi. Gwajinta mai sauƙi ne: ka ja dogon numfashi har ciki ya cika, ka yi tari. Idan ɗayansu ya gagara, ta yi kaɗan. Ko rigar matse ƙirji da aka ɗinka musamman don wannan, ba a wuce awa 8 da ita a rana, ba a barci da ita, ba a gudu da ita. Ƙurajen kuwa gumi ne da ya rasa hanyar bushewa. Wanke wurin da zarar ka dawo, ka tsane shi sosai, kada ka maimaita rigar jiya ba wanki. Idan fatar ta yi ja tana ƙaiƙayi da saɓa, cutar fata ce ta kama, sai an haɗa da man shafawa na asibiti.

TAMBAYA: Ba zan faɗi sunana ko garinmu ba. Wata bakwai ke nan ina shan ƙwayar tsarin iyali da wata ƙwaya sifironolakton don jikina ya koma na mata. A kemis nake saya. Da nakan zagaya filin wasa sau goma da sassarfa, yanzu a na biyar nake haki, in na miƙe tsaye kuma sai jiri. Me ke faruwa?

AMSA: Mun ji daɗi da kuka rubuto, domin a cikin abin da kuke sha akwai wanda zai iya kashe mutum. Ƙwayar tsarin iyali mai haɗi biyu tana ɗauke da etinil-estaradiyol, nau'in estirojin da likitocin da ke kula da masu sauya jinsi suka daina bayarwa, saboda ya fi sauran sa jini daskarewa, kuma gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna yawansa. Ga mai shan taba hatsarin ya fi yawa. Ku daina ta, ku ga likita ku faɗa masa duk abin da kuka sha da yawansa. Alamar gudan jini ita ce sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. Kada a murza ta, kada a ja ta, kada a ce bari a taka ta warware. Gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ciwon ƙirji da yankewar numfashi farat ɗaya ko tari da jini, wannan na gaggawa ne. Doguwar tafiyar mota, irin ta Gombe zuwa Legas, tana ƙara hatsarin, sai a riƙa motsa idon sawu a zaune, a sauka a taka duk inda direba ya tsaya.

Hakin kuwa, idan a hankali ya zo, yana da bayani. Idan testosteron ya sauka, sinadarin jini mai ɗaukar iska yakan sauka zuwa matakin mata cikin kimanin wata huɗu, tsoka kuma takan ragu da wajen kashi 5 cikin 100 a shekarar farko. Don haka kada ku auna kanku da zagaye goman da. Ku yi gudu a saurin da za ku iya magana a cikinsa, minti biyu sassarfa, minti ɗaya tafiya, na minti 20 zuwa 30. Amma sai likita ya fara tabbatar da cewa ba gudan jini ba ne.

Jirin aikin sifironolakton ne. Maganin sa fitsari ne, yana fitar da ruwa da gishiri, yana saukar da bugun jini, yana kuma tara fotashiyam a jiki. Fotashiyam idan ya yi yawa yakan rikita bugun zuciya ba tare da wata alama ba, shi ya sa ba a shan maganin nan sai da gwajin ƙoda da na fotashiyam. Kada ku haɗa shi da ibufurofen ko dikilofenak don ciwon jiki bayan gudu, haɗin yana taɓa ƙoda. A rage cika ciki da dabino, ayaba da ruwan kwakwa a zama ɗaya. Lokacin azumi a bar gudu sai bayan shan ruwa.

TAMBAYA: An yi wa ɗana mai shekara 14 aikin gyaran al'aura makonni uku da suka wuce. Yana damuna zai hau keke ya tafi islamiyya.
Wata uwa, Kumo

AMSA: Hajiya, a ba shi haƙuri. Tafiyar ƙafa a tsakar gida tana da kyau tun kwanakin farko, tana hana jini daskarewa. Keke, babur, ƙwallo da ɗaukar jarkar ruwa kuwa sai wajen mako shida, wani aikin ma fiye, kuma likitan da ya yi aikin shi ne mai cewa an kai. Sirdin keke a kan ɗinkin yake dannawa, idan ya buɗe hanyar fitsari tana iya yoyo, a koma wani aikin. In dole ne a fita, a sa shi a mota ko A Daidaita Sahu. Wanda aka yi wa aikin ƙirji shi ma haka: ba ɗaga hannu sama da kafaɗa, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo biyu ko uku, har mako huɗu zuwa shida.

TAMBAYA: An cire mini ƙwayayen da ke cikin marata shekara uku da suka wuce, aka ɗora ni a kan estirojin. Na daina sha bara saboda tsada. Shekarata 27. Idan ina motsa jiki, zai maye gurbin maganin?
Wata baiwar Allah, Wunti, Bauchi

AMSA: 'Yar'uwa, ba zai maye ba. Ƙashi a kullum ana rushe shi ana sake gina shi, kuma sinadarin jinsi shi ne ke hana rushewar ta fi ginin yawa. Wadda aka cire wa ƙwayayen, ba ta kuma shan magani, ƙashinta yana zaizayewa kamar na wadda ta daina al'ada, ga shi ba ya ciwo sai ranar da ya karye. A shekarunki ake gama tara ƙarfin ƙashi, don haka asarar ta fi tsanani. Ki koma asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko duk inda aka yi miki aikin, ki faɗi gaskiyar batun kuɗin, domin estirojin iri-iri ne kuma farashinsu ya bambanta. Ki tambaya ko za a iya yi miki hoton auna ƙarfin ƙashi.

Motsa jiki mataimakin magani ne, kuma wanda ƙafa ke ɗaukar nauyin jiki a cikinsa shi ƙashi yake ji: tafiya da sauri, hawan bene, tsugunnawa da miƙewa daga kujera sau 10 zagaye uku. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ya cika na ƙasa. Tsallen igiya ki bari sai an duba ƙashin. Kina bukatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 a rana, ana samunsa a nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, miyar kuka, zogale da riɗi. Ki riƙa shan hantsi a tsakar gida, hannuwa da ƙafafu a buɗe, don bitamin D. Ki kuma nisanci ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, da yawansu suna ɗauke da dekisametason, mai cin ƙashi.

TAMBAYA: Mai karɓar allurar testosteron zai iya shiga gasar guje-guje?
Wani mai horar da 'yan wasa, Gombe

AMSA: Malam, testosteron yana cikin jerin haramtattun sinadarai na hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, ko da likita ne ya rubuta shi. Ɗan wasan da ke gasar da ake gwaji sai ya nemi takardar izinin magani tun kafin ya shiga, da rahoton asibiti. A ɓangaren mata, tun Maris 2023 hukumar guje-guje ta duniya ta hana wanda ya balaga a matsayin namiji sannan ya sauya jinsi shiga gasar mata, kuma daga Satumba 2025 ta fara neman gwajin ƙwayar halitta ga masu shiga manyan gasanninta na mata. Kowane wasa da dokarsa, don haka ka rubuta wa hukumar wasan da yaronka yake yi kafin ka sa sunansa.