Hajiya, ki fara sanin baƙonki kafin ki biya kuɗin gidan nan

Hajiya, tambayarki ta taɓa ni, don ciwon da kike shirin ɗauka da yawanmu a nan mun san zafinsa. Kin ce dillali ya nuna miki gida mai ɗaki 3 can bayan sabuwar BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, a kan rabin kuɗin hayar mai ɗaki 2 da ke Nasarawa GRA, kuma kina son ki mai da shi gidan kwana-kwana, inda baƙi ke biyan kuɗi a kan kowane kwana, ki riƙa saukar "kowa da kowa". Wannan kowa da kowan shi ne ya fi tayar min da hankali. Gidan kwana-kwana irin baƙo ɗaya ake gina wa, shi ne zai nuna miki unguwa.

Idan masu jinya kike so, ki tsaya kusa da Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, wajen Gyaɗi-gyaɗi ko Tarauni. Su sukan yi mako 2 zuwa wata guda, suna son ƙasa ba bene ba, da kicin mai gas da za a dama kunu, da masai na zama, da ƙofar da keken mara lafiya zai wuce. Za su nemi ragi, ki yi musu, don ba sa barin ɗaki fayau. Ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyi kuwa Nasarawa da Bompai suka sani. Wuta, intanet, wurin ajiye mota da rasit mai sunan kasuwancinki, in babu ɗaya daga ciki ba za su dawo ba. 'Yan kasuwar Nijar da Chadi masu sari a Kantin Kwari kada ki sa su a lissafi, yawancinsu masauki mai araha kusa da kasuwa suke nema.

'Yan biki su ne masu kuɗi a hannu, kuma su ne masu kashe gida. A kama wa mutum 4, dare ya yi ki tarar da 20. Lalle a zanin gado ba ya fita, tankin lita 2,000 ya ƙare kafin azahar, ramin masai ya cika, maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa. In za ki karɓe su, ki rubuta adadin masu kwana, ki karɓi kuɗin ajiya na ɓarna kafin a ba da makulli, ki ajiye hoton katin shaidar wanda ya kama.

Shi kuma dillalin nan, Allah ya isa tsakanin mutane da irinsu. Zai kai ki da tsakar rana a rani, ya kunna famfo ruwa ya zo, ya ce "minti 10 ne zuwa gari". Ba zai ce miki tankin da safe aka saya aka cika ba. Ba zai ce layin yana zama tafki a watan Agusta har mai adaidaita ya ƙi shiga ba, ko taransifoma ta daɗe a kwance. La'adarsa yake hange, yana karɓa wayarsa ta daina shiga, ke kuma kin zuba gadaje da labule a gidan da baƙo ba zai iya kwatanta wa direba ba. Abin takaici har rantsuwa suke yi. Ki koma ke kaɗai bayan isha'i, ki tambayi mai shagon bakin layi awa nawa suke samun wuta, ki tambayi 'yan garuwa ko suna kai ruwa gidan. In suna kaiwa, rijiyar burtsatsen ba ta aiki.

Wuta ce za ta cinye ribar. Layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, an ce aƙalla awa 20 a rana, amma tun Afrilun 2024 kuɗin yunit ya haura naira 200. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, baƙo zai bar AC a kunne ya fita yawonsa. Ki sa mita mai kati, ki ƙayyade yunit ɗin da ke cikin kuɗin kwana.

Ki zauna da biro. A ce haya, wuta, man janareta, mai gadi, shara da wanki sun kai miliyan 9 a shekara, kina karɓar dubu 50 a kwana, sai kin cika kwana 180 kafin ki ga sisin riba, wato 15 kowane wata. Kada ki dogara da Sallah, an sha dakatar da hawa a 'yan shekarun nan, da azumi kuma kasuwar takan yi sanyi. Bayan BUK ba na ganin kwana 15 ɗin nan, sai dai lokacin yaye ɗalibai.

Na kusa mantawa: kafin ki biya, mai gidan ya rubuta a takardar haya cewa ya yarda ki saukar da baƙi, ya sa hannu gaban shaidu. In babu wannan, ranar da ya ga motoci sun fara jeruwa zai ce ki tashi ko ya ninka haya.