Zan Auri 'Yar Biyetnam, Amma Maganar Turaren Kakanni Ta Hana Ni Barci

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Ni ɗan Kano ne, shekara huɗu kenan ina koyar da Turanci a Hanoi babban birnin Biyetnam, a nan na haɗu da wata yarinya 'yar ƙasar, kuma tun kafin maganar aure ta taso ta musulunta da kanta a masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc. Iyayenta mutanen kirki ne wallahi. Ran da na fara zuwa gaisuwa na kai musu ganyen trau da ƙwayar cau, su ne goronsu, har karin magana gare su cewa da shi ake buɗe zance, babarta ta dinga ɗora min kifi a kan shinkafa har sai da na ji kunya.

Yanzu sun duba kalandar wata sun sa ranar baiko, an hoi suke ce masa. Tire 7 za mu kai lulluɓe da jan ƙyalle, samari marasa aure su ɗauko 'yan mata su karɓa, kuma a cikin lissafin akwai giya da gasasshen alade. Wanda ya fi damuna shi ne teburin da ke tsakiyar falonsu, da hotunan kakanninta da suka rasu da kaskon turare da 'ya'yan itace, ana so ni da ita mu kunna turare mu sunkuya a gabansa. Babanta ya ce in ba a sanar da magabata ba kamar sace masa 'ya aka yi. Ita kuka kawai take, ita kaɗai ce 'ya mace a gidan. Anti na haƙura ne, ko na sunkuya kawai tunda a zuciyata ba bauta nake nufi ba?

Ɗanki daga Hanoi

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka sunkuya, kuma kar ka fasa tun yanzu, ai ba ka ma gwada komai ba tukuna.

Ka fara fahimtar dattijon nan. Mutumin da bisa al'adarsu duk shekara yake haɗa 'ya'ya da jikoki a dafa abinci ranar da mahaifinsa ya rasu, a wajensa teburin nan iyayensa ne zaune a falo, in ka juya masa baya a gaban dangi ka ci mutuncinsa har abada. Shi ya sa maganar nan ba ta ranar taro ba ce. Ka nemi dattijo a cikin musulman masallacinku wanda Biyetnamanci harshensa ne, ka sa shi gaba ku je tun da sauran lokaci, mu ma nan ai yaro ba ya nemar wa kansa aure. Ya faɗa masa a natse cewa ko gaban kabarin mahaifinka ba ka sunkuyawa, ba nasu iyayen ka raina ba. Ku roƙi shi baban ya kunna turarensa ya sanar da magabatansa da kansa, ku biyun kuna gefe cikin ladabi. Ko wannan tsayuwar ma ka tambayi limaminku hukuncinta, ni ba malama ba ce.

Sauran kuma ka yi har ka wuce yadda suke zato. Tire bakwai ɗin nan su cika, tunda mutanen arewacin ƙasar a lissafin tire mara suke so ba cika ba, a madadin giya da alade ka nemi a ƙara shayi mai kyau da 'ya'yan itace da wainar banh com. Ka miƙa wa iyayenta shayi da hannu biyu, ka kira kanka con wato ɗa in kana musu magana, kar ka kai loma sai ka yi wa manya bismillah sun fara, kuma dan Allah kar ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, turaren mamaci yake tuna musu.

Yarinyar nan kuma ka lallashe ta, sabuwar musulma ce tsakanin uba da miji, kar ka bar ta ta kai saƙon nan ita kaɗai. Kar ka manta da rajista a ofishin hukuma, ɗaurin aure a masallaci kaɗai dokar can ba ta ɗauke shi aure ba.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai, duk tsawon wasiƙar nan ban ji ka ambaci naka iyayen ba. Sun sani kuwa? In ba su sani ba ka kira Kano yau ɗin nan kafin ka sayi tire ko ɗaya.