Ajwain a abincin ɗan wata bakwai

'Yar'uwa, kin ce maƙwabciyarki 'yar Indiya a Wuse ta ba ki ajwain, wasu ƙananan ƙwayoyi na ƙamshin girki, ko za ki iya sa wa ɗanki mai wata 7 a abinci? Za ki iya, tunda ya wuce wata 6. Kafin nan nono zalla ne, ko ruwan jiƙon ajwain ba a bayarwa.

Murza ƙwaya ɗaya ki shinshina: ƙamshin tayim ne, amma ya fi shi yaji da ɗaci. Ki ɗan gasa a busasshen kasko, ki daka luƙwi, ki ɗibi ɗan mitsitsi ki dafa cikin faten wake ko dankalin turawa. Ki lura kwana 3. In ƙuraje ko amai suka biyo, ki daina, ki kai shi asibiti. Man ajwain na kwalba kuwa kada ya kusanci bakinsa.

A kunun gyaɗa dai da na sa wa ɗana ajwain, tofarwa ya yi.