Fenda ta ƙi karɓar iska: duba bawul kafin ka sayi adafta

Malam, ka ce fendojinka, wato robobin da ake hura wa iska masu kare gefen jirgin ruwanka daga gugar bangon tasha, sun lotsa, ka gwada famfon tayar mota bakinsa bai hau ba, kana tambaya wane adafta za ka nema. Kada ka sayi komai tukuna. Juya fendar, ka duba kusa da kunnen da ake ɗaura igiya, nan bawul ɗin yake, kuma shi zai gaya maka abin da kake buƙata. Bakin famfon mota an yi shi ne don bawul irin na taya, wanda ake kira Schrader, su kuwa fendoji ba kasafai ake sa musu irinsa ba.

Idan ka ga ɗan rami ne kawai a cikin roba, kamar na ƙwallon ƙafa, to allurar ƙwallo ce maganinsa. Yawancin fendojin kamfanin Taylor Made haka suke. Gindin allurar yana shiga bakin famfon keke ko na mota daidai. Ka jiƙa ta da ruwan sabulu, ka tura a miƙe, a hankali. Busasshiyar allura takan yage robar, wani lokaci ma ta tura bawul ɗin gaba ɗaya ya faɗa ciki. Kada ka shafa mata baƙin mai ko giris, suna cinye roba.

Idan kuwa kan sukuru na leda ka gani mai tsaga, kamar na kamfanin Polyform, sai ka kwance shi da sukundireba, ka ajiye shi inda ba zai faɗa ruwa ba. A bayansa akwai ɗan murfi da ke tare iska kada ta dawo. Nan adafta mai tsini ake sawa, kuma sau da yawa ɗan bakin leda mai siffar mazurari da ke zuwa da famfon ƙafa ya isa, in ka danne shi sosai a ramin. Allurar ƙwallo ba ta aiki a nan, domin iskar za ta riƙa zurarewa ta gefenta. Akwai kuma masu bawul na tagulla, irin na kamfanin Majoni, waɗanda adaftansu ɗaurawa ake yi. Waɗannan ka nemi na kamfanin da ya yi fendar, sunansa yana jikinta. Haƙoran ɗaurin ba ɗaya suke ba, in ka tilasta wanda bai dace ba, ya cinye haƙoran, ka jawo wa kanka canjin bawul.

Amma a ganina adafta ƙaramar magana ce. Abin da ya fi kashe fenda shi ne yawan iska. Polyform na ba da shawarar matsin iska na bar 0.15, wato kimanin psi 2 (bar da psi ma'aunan matsin iska ne), a yanayin zafi na digiri 20 a ma'aunin Celsius. Tayar mota tana ɗaukar sama da bar 2, ka ga ta ninka shi fiye da sau goma. Shi ya sa kwampreso ke da haɗari: ka ɗan yi sakaci na daƙiƙu kaɗan, fendar ta kumbura ta gefe ɗaya, kuma robar da ta miƙe ba ta komawa yadda take. Gejin taya ma ba ya karanta iska ƙanƙanuwa haka daidai, don haka hannunka ne ma'auni. Danna tsakiyarta da babban yatsa, ta lotsa kamar santimita ɗaya. In ta yi tauri kamar ƙwallon da za a buga, ka rage. Aikinta ta shanye bugu, mai tauri kuwa mayar da bugun take yi ga jikin jirgi, ga kuma tsalle tana fita daga wurinta.

Ka sa rana cikin lissafi. Fendar da ka hura da sanyin safiya a digiri 20, in ta gasu ta kai digiri 50, matsin cikinta na iya tashi daga 0.15 zuwa kusan 0.27, ga robar ta yi laushi a daidai lokacin. Baƙar fenda da shuɗiya sun fi farar fenda ɗaukar zafi. In da safe kake hurawa, bar ta da ɗan sauƙi.

Sukurun da gishirin teku ya kama, zuba masa ruwan ɗumi ka bar shi ya jiƙa kafin ka murza, kuma ka yi amfani da sukundireba mai faɗin tsagar, in ba haka ba kan ya tauye. Wajen mayarwa, fara da yatsu, ka ɗaure shi daidai ya zauna, ban da ƙarfi.

Bayan ka gama, ɗiga ruwan sabulu a kan bawul. Kumfa na tashi, yoyo ke nan, kuma galibi yashi ne ya maƙale ko robar ta tsufa. Na sukuru da na tagulla akan sami na canji. In kumfar daga jikin fendar take fitowa, musamman kusa da kunne, faci ba ya daɗewa a wurin saboda jan igiya, gara ka sauya ta.