Juji Tsakanin Sanyi da Zafi: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana da ke karatu a Rasha ya ce mini a lokacin sanyi jujinsu ba ya wari ko kaɗan, alhali mu nan ragowar abinci ba ta kwana sai ta yi ɗoyi. Shin sanyi kashe ƙwayoyin cuta yake yi? Daga wani dattijo a Mai Wurno.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da yaron ya gani gaskiya ne, amma sanyi jinkirta ruɓa kawai yake yi. Masu ruɓar da shara ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma akasarinsu sun fi kuzari idan zafi yana tsakanin digiri 30 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, wato irin yanayin da muke ciki kusan kullum a Sudan. Idan ya sauka ƙasa da digiri 10 aikinsu yana ja baya sosai, idan ruwan da ke jikin sharar ya daskare kuwa sai su lafa gaba ɗaya. A wurare irin su Alaska da Kanada, sharar da aka jibge a daskare aka bi ta da ƙasa tana iya wuce shekara ba ta narke ba, domin abin da aka lafta a kanta yana hana ɗumin bazara ratsawa. Ranar da ta narke, ruɓar za ta ci gaba daga inda ta tsaya, ƙazamin ruwanta kuma ya malalo a lokaci guda tare da na ƙanƙara.

Wasu ƙwayoyin cutar suna jure wannan sanyi na tsawon shekaru. A shekarar 2016 zafin da ba a saba gani ba ya sauka a yankin Yamal na arewacin Rasha, cutar da makiyaya ke kira saifa ta ɓarke, ta kashe yaro ɗan shekara 12 da dabbobin kiwo fiye da 2,000, kuma masana sun danganta ɓarkewar da narkewar ƙasar da ta daɗe a daskare. Saboda haka nake jan hankalin iyali game da firji, musamman yanzu da wuta ba ta tsayawa: naman da ya fara lalacewa ba zai gyaru don an mayar da shi cikin sanyi ba, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba.

Tambaya: Akwai juji a bayan gidanmu. Da rani ba ya damun mu, amma da zarar damina ta faɗi sai wari da ƙudaje, yara kuma su kama gudawa. Mene ne dalili? Daga wata uwa a Gadarif.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaran lafiya. Zafi shi kaɗai ba ya ruɓar da shara, sai ya haɗu da laima. Da rani jujin bushewa yake yi, da ruwa ya taɓa shi kuwa aikin watanni sai ya tashi cikin 'yan kwanaki, kuma a irin wannan ɗumi ƙuda yana kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne baƙin ruwan da ke tsatsafowa daga gindin jujin, domin yana iya bin ƙasa ya shiga rijiya. Kada juji ko masai ya kusanci rijiya da ƙasa da mita 30, a tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a kuma rufe abinci. Yaron da ke gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Idan idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko gudawar ta koma kamar ruwan shinkafa, a garzaya da shi asibiti, domin alamun ƙarewar ruwa a jiki ne, gudawa mai kama da ruwan shinkafa kuwa alamar kwalara ce.

Tambaya: Ina tsintar ƙarafa a babban juji, ina yawan ciwon kai, kuma ina ganin hayaƙi yana fita ba wanda ya kunna wuta. Daga wani matashi a Omdurman.

Amsa: Ƙanena, cikin babban juji yana ɗaukar zafi da kansa, kuma inda iska ba ta shiga ruɓar tana fitar da gas wanda kusan rabinsa mai kama wuta ne, shi kuwa ba shi da wari. Tare da shi akwai wani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke kawo ciwon kai da jiri, idan ya yi yawa kuma yana kashe jin wari, har mutum ya zaci ya gushe. Kada ka shiga rami ko kwari a cikin jujin, kada ka sha sigari a wurin, ka tsaya ta inda iska ke kore hayaƙin daga gare ka. Ka sa takalmi mai kauri da safar hannu, ka je a yi maka allurar rigakafin tetanos, a kuma duba ƙirjinka idan kana tari ko numfashinka yana sarƙewa.