Shin ra'ayin mazan jiya da siyasar talakawa abu ɗaya ne a Amurka?

Tambaya: Malam, a labaran Amurka nakan ji ana kiran Donald Trump mai ra'ayin mazan jiya, wani lokaci kuma a ce ɗan siyasa ne mai iƙirarin ƙwato wa talaka haƙƙinsa daga hannun manya. Shin duka abu ɗaya ne? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a yau sun fake ƙarƙashin inuwa guda a jam'iyyar Republican. Mai ra'ayin mazan jiya burinsa a riƙe abin da aka gada, wato addini da iyali da martabar kotuna, gwamnati kuma ta rage haraji ta janye hannunta daga kasuwa. Shi kuwa mai siyasar talakawa raba al'umma yake yi gida biyu, ga jama'a ga manyan da ke cin guminsu, kuma ba ya jin nauyin girgiza duk hukumar da ya ga tana yi wa manyan aiki. Mu a Arewa a matsayin abokan hamayya muka san su, domin a siyasar da, jam'iyyar NPC ta jingina da sarakuna, NEPU ta Malam Aminu Kano kuma ta tsaya da talakawa.

A zamanin Ronald Reagan, daga 1981 zuwa 1989, jam'iyyar ta 'yan mazan jiya ce zalla, mai son cinikayya ba shinge, har ma a 1986 ya sa hannu a dokar da ta halatta zaman baƙin haure kusan miliyan 3. Abin da ya sauya ta shi ne rufewar masana'antu. Yarjejeniyar NAFTA, ta sauƙaƙa cinikayya tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, ta fara aiki a 1994, Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2001, kuma tsakanin 2000 da 2010 ma'aikatan masana'antu sun ragu daga kimanin miliyan 17 zuwa ƙasa da miliyan 12. Ka ɗauki magidanci a wani ƙaramin gari na jihar Ohio, wanda mahaifinsa ya ci da iyali da albashin masana'antar ƙarfe, shi kuwa ya tarar an garƙame ƙofarta, sai ga shi a 2008 yana kallo a talabijin an ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. Wannan mutum yana da gaskiya idan ya ji an yi watsi da shi. Irinsa ne suka taimaka wa Trump a 2016 ya ci Michigan da Pennsylvania da Wisconsin, jihohin da suka yi shekaru da dama ba su zaɓi ɗan Republican a zaɓen shugaban ƙasa ba.

'Yan mazan jiya sun karɓe shi ne saboda ya biya musu buƙata. Ya naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, wadda a 2022 ta soke hukuncin da ya kare damar zubar da ciki tun 1973, kuma a 2017 ya sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 cikin ɗari.

Abin da ke damuna shi ne, idan aka zo maganar kuɗi, talakan da aka yi yaƙin zaɓe da sunansa ba shi ne kan gaba wajen cin moriya ba. Ragin harajin ya fi amfanar masu hannu da shuni, harajin da aka ɗora wa kayan waje kuma, wanda aka ce zai dawo da masana'antu, yakan ƙare a kan mai sayayya a kanti. Da Sin ta rama a 2018 ta hanyar ɗora wa waken suya na Amurka haraji, manoman da suka zaɓi Trump ne suka rasa kasuwa, sai da gwamnati ta raba musu tallafin biliyoyin daloli, irin tallafin da 'yan mazan jiya suka daɗe suna suka, amma a wannan karon akasarinsu suka yi shiru.