Gani Ya Kori Ji, Amma Wane Gani? Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Musun Kimiyya

Tambayoyin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka biyo. Labaran kimiyya sun yawaita, musu ya yawaita tare da su, masu karatu kuma suna son sanin ko kalmomin da suke jifan juna da su suna ɗauke da abin da suke nufi.

Wani malamin makaranta ya rubuto yana cewa: "Malam, muna musu da abokina a kan farkon sararin samaniya. Na kawo masa bayanin masana, sai ya ce ai su ma da bakinsu sun ce hasashe ne. Shin hasashe da nazariyya abu ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, malam, kuma gwama su da ake yi a labarai ya haddasa musu mai yawa. Hasashe shi ne ka hango abu da tunani kafin ya fito fili, kamar hasashen yanayi ko hasashen wanda zai ci zaɓe. Ya ɗara zato, domin mai hasashe yakan dogara da wata alama, mai zato kuwa zuciyarsa ce kawai ta raya masa. Shi ya sa Bahaushe ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, bai kuwa faɗi haka a kan hasashe ba. Ita nazariyya aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da nazari, wasu malaman jami'a kuma sun fi son su ce ra'i. A bakin masana kimiyya, nazariyya bayani ne da aka gina a kan awo, wanda ya faɗi abin da ya kamata a tarar idan daidai ne, aka je aka duba aka tarar.

Tarihin wannan magana da kuke musu a kanta, wato bayanin cewa sararin samaniya ya faro a dunƙule da tsananin zafi sannan ya yi ta faɗaɗa, ya nuna yadda hasashe kan rikiɗa ya zama nazariyya. A 1927 Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam kuma masanin lissafi, ya nuna cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. A 1929 Edwin Hubble a Amurka ya fitar da awon da ya nuna gungun taurari suna nesanta da mu, wanda ya fi nisa kuma ya fi gudu. A 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka ce idan har sarari ya taɓa kasancewa a dunƙule da tsananin zafi, to lallai akwai ragowar ɗumin nan a ko'ina. Wannan a lokacin hasashe ne. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da rahoton wani sauti da ya addabi na'urarsu ta kama saƙon rediyo, yana zuwa daga kowace kusurwa ta sama. Ragowar ɗumin ne, kuma ba shi suka fita nema ba. Daga nan maganar ta wuce matsayin hasashe.

Amma ka yi wa abokinka adalci, malam. Nazariyya ba wahayi ba ce, gyara na shiga cikinta. Lissafin Hubble na farko ya ba sarari kimanin shekara biliyan 2, abin da bai ma kai shekarun doron ƙasa ba, sai da aka gyara awon nisan. Yau ƙiyasin ya tsaya a wajen shekara biliyan 13.8, kuma har yanzu hanyoyi biyu na auna saurin faɗaɗar ba su daidaita da juna ba. Idan abokinka yana nufin akwai sauran aiki, ya yi gaskiya. Idan yana nufin shaci-faɗi ne, bai yi ba.

Tunda mun zo nan, bari in faɗi ra'ayina a kan sunan da ya bazu, wato babbar fashewa. Fassara ce ta Big Bang, sunan da masanin taurari Fred Hoyle ya laƙaba wa nazariyyar a wani shirin rediyon BBC a 1949, shi kuwa Hoyle bai ma yarda da ita ba. A Hausa fashewa tana bukatar abu da wuri: abin ya fashe, tarkacensa su watsu a filin da dama yana nan. Nazariyyar ba haka ta ce ba. Cewa ta yi filin ne da kansa yake buɗewa, tazarar da ke tsakanin abubuwa tana ƙaruwa, babu wata cibiya da za a nuna a ce nan aka fashe. Da ni aka tambaya da na ce babbar buɗewa. Na san sunan farko ya riga ya kama baki, to aƙalla mai amfani da shi ya san inda ya gaza.

Wata ɗaliba ta tambaya: "Malam, mene ne bambancin halitta da samuwa da asali? A makaranta ana faɗar asalin duniya, a gida ana faɗar halittar duniya, sai in ji kamar dole in zaɓi ɗaya."

'Yata, kowace cikin ukun nan tambayarta daban. Halitta daga Larabci ta zo, kuma ba ta tafiya ita kaɗai: duk inda ka ce halitta ka riga ka ce akwai Mahalicci. Asali ma aro ce daga Larabci, ma'anarta tushe, tambayarta kuwa ita ce daga ina abu ya fito, yaya yake kafin ya zama haka. Samuwa tamu ce, daga samu, kishiyarta rashi. Malaman tauhidi da suka karantar da Hausa sun yi aiki mai kyau a nan, suka ce fararre ga abin da yake da mafari, suka aro ƙadimi ga wanda ba shi da shi. Ina takaicin yadda fararre ke ɓacewa daga bakin matasa, alhali ita ce kalmar da musunsu yake nema.

Musun ko duniya fararriya ce ko ba ta da mafari ya daɗe ƙwarai. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi ga masana falsafa irin su Ibn Sina a kan wannan batu, Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani. Har a ƙarni na 20 Hoyle da abokansa sun tsaya a kan cewa sarari ba shi da farko. Abin da nazariyyar yau ta bayyana shi ne tafiyar sarari daga wani yanayi mai tsananin zafi da cunkoso zuwa yadda yake yanzu. A daidai gaɓar farko lissafin da ake da shi yakan daina aiki. Ashe ke nan maganar asali take yi, da ma'anar yanayin da ya gabata. Fitowa daga rashi zuwa samuwa, da dalilin da ya sa akwai wani abu maimakon babu, ba a sa su a ma'auni. Wanda ya ce kimiyya ta rushe halitta ya ɗora wa awo kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya ce na'ura ta tabbatar da halitta shi ma ya yi gaggawa. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya danganta wannan nazariyya da labarin halitta a wani jawabi, Lemaître kuwa, duk da yake limami ne, bai so hakan ba, don yana ganin kada a jingina imani da lissafin da gobe zai iya sauyawa. Don haka babu wanda ya tilasta miki zaɓe, ki dai lura da tambayar da kowace kalma take amsawa.

Ki kuma kula da duniya kanta. Muna kiran doron ƙasa duniya, muna kiran dukkan abin da ke akwai duniya, muna kiran rayuwar da ta gabaci lahira duniya. Idan kin ji an ce shekarun duniya biliyan 4.5, ƙasar da muke takawa ake nufi. Idan an ce 13.8, sararin samaniya ne gaba ɗaya. Mutum biyu kan yi ta sa-in-sa a kan wannan alhali kowannensu daidai ya faɗa.

Tambaya ta uku a kan karin magana ce. Wani dattijo ya ce: "Ɗana ya nuna mini hotunan da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauko, ya ce baba, gani ya kori ji. Ya yi amfani da karin maganar a muhallinta?"

Baba, ya yi, amma rabi. Ma'anar karin maganar ita ce shaidar ido ta fi labarin da aka ji a bakin wani. An yi ta ne don kashe jita-jita: ana ta ce-ce-ku-ce a kan abu, sai ga shi a gaban kowa. Ji ɗin da aka kora shi ne na an ce ka ce. To amma ji a Hausa ba na kunne ba ne kawai. Wanda ya ce yana jin Larabci fahimta yake nufi, wanda ya ce bai ji maganar ba wani lokaci yana nufin bai gane ba. Wannan jin gani ba ya korarsa, bukatarsa ma yake yi, kuma hotunan nan hujja ne.

An harba James Webb ranar 25 ga Disamba 2021, tana zaune kimanin kilomita miliyan 1.5 daga ƙasa, hotunanta na farko suka fito a Yulin 2022. Hasken da ta fi kamawa idon mutum ba ya ganinsa ko kaɗan, yana ƙasa da launin ja. Launukan da ɗanka ya nuna maka masana ne suka sanya su bisa tsari, kowane zangon haske da nasa launi, don ido ya iya bambancewa. Ba yaudara ba ce, amma fassara ce, kuma wanda bai ji bayaninta ba bai san abin da yake kallo ba. Sannan haske tafiya yake yi, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Hasken rana yakan ɗauki minti 8 da 'yan kai kafin ya iso mu. Na gungun taurarin Andromeda ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5. A 2024 aka sanar da wani gungu da Webb ta hango kamar yadda yake wajen shekara miliyan 290 bayan farkon buɗewar. Abin da ke cikin hoton ke nan ba yau ba ne, tsohon zamani ne ya iso a makare.

Akwai karin maganar da ta kamata ta raka ta ɗanka: hangen Dala ba shiga birni ba. Da Webb ta hango gungun taurari masu haske da yawa fiye da yadda aka zata a farkon zamani, wasu kafafen labarai sun yi ta shelar cewa nazariyyar ta rushe. Abin da ya shiga gyara shi ne bayanin saurin da taurari suka taru da shi, faɗaɗar sarari da ragowar ɗumin nan kuwa suna nan yadda aka auna su. Su ma masu shelar hange suka yi suka ɗauka sun iso.

Magabata ba su taɓa ba ido amana ɗari bisa ɗari ba. Da ba su san yana ruɗuwa ba da ba mu gaji kalmar kawalwalniya ba. Ibn Haitham, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja cewa haske ne yake shigowa ido daga abin da ake kallo, ya kuma yi dogon bayani a kan kurakuran gani. Yau kuwa da kwamfuta ke iya haɗa hoto da bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba, duk wanda aka ce wa gani ya kori ji yana da haƙƙin ya tambaya wa ya ɗauka, a ina, da wace na'ura.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wani matashi: "Me ya sa ake cewa ƙirƙirarriyar basira? Tunda muna cewa tauraron ɗan'adam, me zai hana mu ce basirar ɗan'adam?"

Tambaya mai kyau, ɗan'uwa. Tauraron ɗan'adam ya zauna daram saboda mutum ba shi da tauraro nasa na asali, da ka ji sunan ka san ƙerarre ne. Basira kuwa mutum yana da tasa, don haka basirar ɗan'adam za ta koma nufin kishiyar abin da ake son faɗa. Ƙirƙira 'yar'uwar ƙira ce, aikin maƙeri, kuma fuska biyu gare ta: ana ƙirƙiro sabon abu mai amfani, ana kuma ƙirƙiro ƙarya. Fuskokin biyu sun dace da manhajojin kwamfuta masu amsa tambaya kamar mutum, waɗanda ake kira da wannan suna, domin suna iya tsara amsa mai daɗin karatu wadda ba ta da tushe. Inda nake da ja shi ne basira. A Larabci tushenta ɗaya da gani, kuma ganin zuci take nufi, gane abin da ke bayan abu. Fagen binciken ya samu sunansa tun taron masana da aka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, amma sai da ChatGPT, ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ya fito a Nuwamban 2022 talaka ya fara hira da shi. Yadda irinsa ke aiki shi ne an horar da shi da ɗimbin rubutu har ya ƙware wajen zaɓo guntun kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Ko hakan ya kai a kira shi ganin zuci, masanan da kansu ba su daina jayayya ba. Ina amfani da ƙirƙirarriyar basira saboda ita jama'a suka sani, amma idan ina koyarwa nakan ce kwaikwayon basira, don ta fi faɗin abin da aka tabbatar na'urar tana yi.